Duhun Allo Ba Mutuwar Kwamfuta Ba Ne: Lacca ga Masu Gyara da Ɗalibai a Hayin Banki



Malam shugaban taro, iyayenmu da suka ba mu wannan wuri, malaman makarantu, masu shagunan buga takardu da gyaran kwamfuta, da ƙannena ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Na ga fuskoki daga nan Hayin Banki, na ga na Kawo da Unguwar Kanawa da Unguwar Dosa, har da waɗanda suka taso tun daga Mando. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kowa gida lafiya.

An nemi in yi magana a kan matsalolin hoton allo a kwamfutar da ke aiki da Linux, kuma lokacin maganar ya yi. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10 ta yau da kullum. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana neman injin ƙarni na takwas zuwa sama, sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Ku dubi kwamfutocin da ke shagunanmu da makarantunmu. Yawancinsu tokumbo ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da tsofaffin ThinkPad, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka bi mota zuwa Kaduna. Lafiyarsu ƙalau. Da su yaranmu ke koyon danna madannai kafin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ba za mu zubar da su ba, ba mu ma da halin yin haka. Shi ya sa mutane suka fara ɗora musu Ubuntu da Linux Mint da Debian, waɗanda kyauta ake samunsu ba tare da satar lasisi ba.

To, a nan ne damuwata take. Mutum ya ɗora Linux, allo ya yi duhu ko hoto ya fito a buɗe kamar an ja shi, sai ya kai wa mai gyara. Mai gyara bai duba komai ba, sai ya ce: "Oga, ai Linux ɗin nan ne, sai dai a yi fomatin a mayar da Windows." A share wa bawan Allah takardunsa, a karɓi kuɗinsa, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, domin tun asali a jikin waya take. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da nake so ku fita da shi daga ɗakin nan shi ne tsarin bincike: a fara daga bango, a bi hanyar da wuta da hoto ke bi, kada a taɓa babbar manhaja sai an wanke duk abin da ke gabanta daga zargi.

Tambayar farko da za ka yi wa mai kaya ita ce: a wane lokaci hoton ke ɓacewa? Ka kunna na'urar ka zuba ido. Idan tambarin HP ko Dell ya bayyana sannan duhu ya biyo baya, to monita na aiki, waya na kai hoto, sai a nemi matsalar a cikin manhaja. Idan kuwa ko tambarin bai fito ba, babu ruwan Linux, domin a wannan lokacin ko tashi bai yi ba. Wannan kallo na daƙiƙa goma ya raba maka aikin gida biyu.

Mu ɗauki gidan farko, inda babu ko tambari. Dubi ƙaramar fitilar monita. Idan a mace take, wuta ba ta shiga: soket ne, ko filogi, ko wayar wuta, ko adafta. Idan tana ruwan lemo ko tana ƙyaftawa, ko allon ya rubuta "No Signal", monita na da rai, hoto ne bai iso ba. Danna maɓallin zaɓen mashiga, domin monita da yawa na da VGA da DVI da HDMI, wani lokaci tana sauraron wata ƙofa daban da wadda aka jona. Sai ka leƙa bayan kwamfutar. Idan an ƙara mata katin hoto, ramin da ke jikin uwar allon ciki yakan daina aiki, dole a jona waya a ramin katin, can ƙasa. Wasu tokumbon Dell da HP na zuwa da kati mai wani faffaɗan rami da ake kira DMS-59. Ya yi kama da DVI amma ba shi ba ne, yana buƙatar wayarsa mai rassa biyu. Kada a tura masa wayar DVI da ƙarfi. Idan fanka na juyawa amma shiru, ko na'urar na ƙara ɗit-ɗit, kashe ta, zare wuta, ciro RAM, goge bakinsa, hure ramin, mayar da shi har ya yi ƙas. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga ko'ina, kuma allo da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa wannan ne kawai ciwonsu.

Akwai gwajin tocila. Idan fitilar monita ta nuna tana karɓar hoto amma allon baƙi ƙirin, haska tocilar wayarka dab da gilashin, a karkace. In ka hango inuwar rubutu, hoton na nan, fitilar bayan gilashi ce ta mutu ko abin da ke ba ta wuta. Haka idan hoto ya fito na daƙiƙa biyu ya ɗauke. A tsofaffin monita sau da yawa kafasito ne suka kumbura a allon wuta, kuma mai gyaran talabijin zai canza su da kuɗi kaɗan. Amma ina roƙonku, ƙannena, wanda bai koyi aikin lantarki ba kada ya buɗe bayan monita. Babban kafasito na riƙe wuta bayan an zare filogi. Tsohuwar monita mai ƙeya kuwa tana tara dubban bolt a cikinta. Wannan maganar rai ce.

Wutar kanta abar tuhuma ce a garin nan. Layinmu na bolt 230 ne a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda takan zo da rauni da yamma, da yadda ƙaramin janareta ke hawa da sauka idan an kunna injin hoton takardu ko dutsen guga. Allon da ke ɗaukewa ya dawo daidai lokacin da firinta ta fara aiki, ko wanda layuka ke yawo a jikinsa muddin janareta na kunne, ba direba, wato manhajar da ke tuƙa katin hoto, ke damunsa ba. Gwada shi a kan inbata ko UPS ka gani.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne aka fi zaluntar Linux. Hoto ya fito, amma komai ya yi girma, da'ira ta koma kamar ƙwai, rubutu ya yi dishi-dishi. Ka shiga saitin allo, sai ka ga an rubuta "Unknown Display", kuma babu zaɓi sai 1024x768 da 800x600.

Kowace monita tana ɗauke da ɗan bayanin kanta a ciki, ana kiransa EDID, ƙa'idar ƙungiyar VESA ce. Asalinsa bayit 128 ne kacal, amma a ciki akwai sunan kamfani, da girman gilashi, da yawan ɗigon hoto a kwance da a tsaye, da saurin sabunta hoto da take iya ɗauka. Da an kunna, kwamfuta kan tambayi monita wannan bayani. Kamar tela ne da mai ɗinki: in ka ba shi awonka ya yanka daidai jikinka, in bai samu awo ba sai ya ɗinka wadda kowa zai iya zurawa. Wannan 1024x768 ita ce rigar kowa. Linux ya tambaya, bai ji amsa ba, sai ya zaɓi ma'aunin da ya tabbata ba zai cutar da monita ba.

Me ke hana amsar isowa? Wayar VGA, mai shuɗin kai, wadda IBM ya fito da ita a 1987, haƙora 15 gare ta. Na 1 da na 2 da na 3 su ke ɗaukar ja da kore da shuɗi. Na 12 da na 15 su ke ɗaukar wannan tambaya da amsa. Idan na 12 ya lanƙwashe ko ya karye, hoto zai fito sarai amma awo ba zai wuce ba. Wasu wayoyin masu arha ma ba a haɗa waɗannan layuka a cikinsu ba tun daga masana'anta. Haka wasu akwatunan raba hoto da ake sawa a aji, da wasu adaftocin HDMI zuwa VGA. Saboda haka maganin farko shi ne canza waya. Mai gyara na ƙwarai ya ajiye waya guda mai kauri, mai dunƙulen baƙin ƙarfe kusa da kawunanta biyu, wadda ya tabbatar da lafiyarta, kada ya sayar da ita ko an taya da tsada. Ita ce ma'auninsa. Launi ma na ba da labari: allon da ya rine ruwan hoda ya rasa kore, wanda ya koma rawaya ya rasa shuɗi, wanda ya yi shuɗi-kore ya rasa ja. Duk haƙori ne ko tsinkewar waya. A laftof kuma, idan launi ko layuka na canzawa yayin da kake ɗaga murfi, siririyar wayar da ta bi ta maƙogwaron murfin ce ta gaji.

Wani zai ce: "Malam, amma da wannan wayar Windows tana nuna daidai." Yana yiwuwa, domin an taɓa zaɓa mata ma'aunin da hannu ta riƙe, ko direbanta na ba da jerin ma'aunai ko da bai ji daga monita ba. Linux ma ana gaya masa da hannu. Da farko ka san awon monitarka: masu murabba'i na inci 17 da 19 yawanci 1280x1024 ne, mai faɗi ta inci 19 yawanci 1440x900, ta inci 18.5 kuma 1366x768. Lambar samfurin na manne a baya, a duba a tabbatar. Buɗe tasha, wato baƙin akwatin rubuta umarni, ka rubuta xrandr. Zai lissafo ramukan da ke jikin na'urar, irin su VGA-1 da HDMI-1, da wanda aka jona. Sai ka rubuta cvt 1440 900 60. Zai ba ka dogon layi mai farawa da Modeline. Kwafi duk abin da ya biyo bayan wannan kalma, ka liƙa shi gaban xrandr --newmode. Sannan xrandr --addmode VGA-1 da sunan sabon ma'aunin, sannan ka zaɓe shi a saitin allo. In ka nemi 1366, cvt zai ba ka 1368, domin yana aiki da lambobin da 8 ke rabawa. Kada hakan ya ruɗe ka. Wannan gyara na gushewa idan an kashe na'ura, sai an rubuta umarnan a fayil ɗin .xprofile da ke babban jakar mai amfani. Bayan haka danna maɓallin Auto na jikin monita don hoton ya zauna daidai. In kuwa ta rubuta "Out of Range", ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, mayar da saurin sabunta hoto 60.

Sai dai akwai sharaɗi. Tsare-tsare biyu ne ke shimfiɗa hoto a Linux. Tsohon shi ne X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984. Sabon shi ne Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. Ubuntu ta mai da Wayland zaɓinta na farko daga fitowar 21.04, Linux Mint kuwa ta daɗe a kan X. Dabarar xrandr a kan X kawai take ci. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga inda kake. A Ubuntu 22.04 da 24.04 kana iya danna ɗan gargaren da ke shafin shiga ka zaɓi Xorg. In kuma kana son gyaran da zai yi aiki a duka biyun, buɗe /etc/default/grub, ka ƙara video=VGA-1:1440x900@60 a layin da ke da quiet splash, sannan sudo update-grub, ka sake kunnawa. Ni wannan na fi so wa na'urorin makaranta, domin yara ba sa iya ɓata shi da kuskuren dannawa.

Mu koma gida na biyu: tambari ya fito, sannan duhu. Kafin komai danna Ctrl da Alt da F3 tare. Idan rubutu fari ya bayyana yana neman sunanka, Linux na raye, ɓangaren zane ne kawai ya faɗi. Shiga, ka fara da df -h. Idan faifai ya cika ɗari bisa ɗari, shafin shiga na iya ƙin buɗewa, kuma share finafinan da aka tara ya wadatar. Sai ka tambayi mai kaya: an ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta manhaja? A Kaduna wannan tambaya ce ta wajibi. Sabuntawar da ta katse na barin direba rabi a ɗaure rabi a kwance. Maganinta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Kuma daga yau, kada a fara sabuntawa a kwamfutar tebur sai da UPS ko lokacin da aka tabbatar da wuta.

Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawar da ta kammala lafiya, wataƙila sabon kanel, wato zuciyar Linux, bai jitu da katin hotonka ba. Sake kunnawa, riƙe Shift, ko ka daddanna Esc a sababbin na'urori, har jerin GRUB, wato jerin zaɓin tashi, ya fito. Shiga Advanced options ka zaɓi kanel na baya. Tsohon na nan ba a goge shi ba, saboda irin wannan rana aka bar shi. A wannan jerin kuma kana iya danna e, ka rubuta nomodeset bayan quiet splash, ka danna F10. Wannan na hana kanel kunna direban hoto, aikin da ya karɓa tun wajajen 2009, sai na'ura ta tashi da hoto mai sauƙi. Na ga masu gyara na mayar da nomodeset dindindin su sallami mai kaya. Ban yarda da haka ba. Bidiyo zai riƙa sarƙewa, injin zai yi zafi, allo na biyu ba zai yi aiki ba, kuma a zafin Maris da Afrilu wannan cutar da na'ura ne. Amfaninsa ka samu shiga ka yi gyara, sannan ka cire shi.

Da ka shiga, rubuta lspci -k ka nemi layin VGA. Zai gaya maka sunan katin da direban da ke tuƙa shi. Na Intel i915 ne, na AMD radeon ko amdgpu, kuma duk suna cikin kanel, da wuya su ba da wahala. NVIDIA ce mai rigima. Shekaru da yawa direbanta a rufe yake, har Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a Helsinki a 1991, ya fito fili ya soki kamfanin a 2012. A 2022 kamfanin ya buɗe wani ɓangare na direbansa, amma na sababbin katuna ne. Tsofaffin da ke cikin tokumbonmu, masu buƙatar direba 340 ko 390, kamfanin ya daina kula da su, kuma sababbin kanel ba sa karɓarsu cikin sauƙi. Shawarata: a bar su a kan nouveau, buɗaɗɗen direban da ke zuwa da Linux. In na'urar ofis ce mai ramin hoto na Intel a jikinta, a cire tsohon katin gaba ɗaya; buga takarda da gwajin jarrabawa ba sa buƙatarsa, wuta ma za ta ragu. In katin sabo ne, a ɗora direba ta Driver Manager a Mint ko Additional Drivers a Ubuntu, kada a sauko da shi daga wani shafi. A kuma lura da Secure Boot, domin yana iya hana direban tashi idan ba a yi rajistar mabuɗinsa ba a shuɗin shafin da ke fitowa bayan sake kunnawa.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan tsari shi ne ba ya ɓoye ciwonsa. Rubuta journalctl -b -p err, zai nuna kurakuran wannan tashin. Rubuta sudo dmesg ka nemi kalmar drm ko EDID, sau da yawa za ka ga ya faɗa ƙarara cewa bayanin monita ya zo a lalace. A kan X akwai fayil ɗin Xorg.0.log, layukan da ke da EE su ne kurakurai. Da Turanci suke, gaskiya ne, amma kalmomin ba su da yawa, kuma yaron da ya saba karanta su wata uku ya wuce mai fomatin na shekara goma. Filashi mai Linux a ciki ma kayan aiki ne: tayar da na'urar daga gare shi ba tare da ɗora komai ba. In hoto ya yi kyau a nan, kayan ƙarfe lafiya suke, kuma ka samu damar kwashe takardun mai kaya kafin ka taɓa komai.

Masu haɗa kwamfuta da talabijin ko majigi a makarantu da wuraren taro, ku riƙe abu biyu. Idan gefunan hoto sun yanke, talabijin ce ke faɗaɗa shi. A nemi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung. Adaftar HDMI zuwa VGA kuma hanya ɗaya take bi, ba ta juyuwa, wasu ma sai an ba su wuta ta USB. A jona majigi a kunna shi kafin a tayar da kwamfuta.

Malaman Hausa sun tambaye ni game da ƙananan akwatuna da ke fitowa a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Wannan ba ciwon allo ba ne, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. A koma DejaVu ko Noto ko Charis. Kuma a cikin saitin madannai na Linux akwai tsarin Hausa na Najeriya, a shirye, sai dai a zaɓa.

In duk wannan ya gagara, nemi taimako, amma ka nema da hujja. "Allona ba ya yi" ba ta isa kowa ya taimake ka ba. Faɗi sunan na'ura da lambar monita, da irin Linux da fitowarsa, da irin wayar da ka jona, da lokacin da hoton ke ɓacewa, ka haɗa da abin da lspci -k da xrandr suka nuna, ka kuma faɗi abin da ka riga ka gwada. Masu shago, ina ba ku shawara ku ajiye littafi, duk na'urar da aka kawo a rubuta alamarta da abin da ya warkar da ita, domin irin samfuran nan ne dai ke yawo tsakanin Kawo da Kasuwar Sheikh Gumi, kuma yaran shagonku za su karanta.

A bayan ɗakin nan an jera kwamfutoci, kowace da irin matsalar da aka saka mata da gangan: wata haƙorin waya, wata RAM, wata direba. Bayan sallar La'asar za mu rabu rukuni-rukuni, mata da nasu teburin, kowane rukuni ya gano ciwon tasa ya rubuta matakan da ya bi. Kafin nan, Malam shugaba, in da masu tambaya, bismillah.